'Yar Farfesa Ba Ta Bin Layi

Yayata farfesa ce, amma in kana son ganin ɓacin ranta ka kira ta da haka a cikin gida. A gida Yaya ce. A asibiti kuwa, ko masu shara suka ji takunta sai sun gyara riƙon tsintsiya. Aikinta jinin jarirai ne, waɗanda aka haifa da waɗanda ba su fito ba tukuna. Shekara da shekaru tana bincike a kai tana rubutawa, ana bugawa a mujallun likitoci na ƙasashen da ni ko a taswira ba zan iya nuna su ba. Ni tela ce. Tun da mijina ya rasu na tattaro kekena na dawo gidanta, aka ba ni ɗakin da ke kusa da kicin. Ni na goyi 'yarta tilo, wadda muke kira Shalele, don uwar kullum tana tsakanin asibiti da filin jirgi.

Abin da ta fi rubutu a kansa, ta taɓa yi mini bayaninsa ina auna mata riga, don in ba ka ɗaure ta da tef ba, ba ka samun ta a tsaye wuri ɗaya. Ta ce akwai matan da jininsu nagetif ne. In irin wannan mace ta ɗauki cikin ɗa mai jini fozitif, na fari yakan fito lafiya lau, amma wajen haihuwa jininsa kan ɗan shiga nata, sai jikinta ya ɗauke shi abokin gaba, ya riƙe abin bai manta ba. In ta sake ɗaukar ciki, sai jinin uwar ya riƙa cinye jinin ɗan tun yana ciki. Maganin abin allura ce guda ɗaya, a yi wa uwar a kwanakin farko bayan haihuwa. In kwanakin suka wuce, ko an yi ta a banza. Na ce mata yanzu a kan allura ɗaya kike ta cika mana gida da takardu? Ta ce allura ɗayan nan ita ta cinye mata ƙuruciya, in ɗaga tef ɗin nan na shaƙe ta.

Ita ce ta kafa doka a asibitinsu. Duk macen da ta zo awo, ranar farko sai an ɗebi jininta tana kan layi. Duk wadda ta haihu kuma, ba ta fita daga babban ɗakin masu jego sai ta bi ta gaban wata nas da aka ajiye a bakin ƙofa. Nas ɗin nan ba ta da wani aiki sai duba rukunin jini. In nagetif ce, a tsira mata allurar kafin ta sa takalmi. An sha rigima da Yaya kafin a yarda, har da su buga tebur. Da aka yarda, jariran da ke mutuwa da wannan ciwo suka ragu sosai, ta zauna ta rubuta yadda aka yi, kuma wannan rubutun ne ya fi ɗaga sunanta. Daga nan gayyata ta riƙa zuwa kamar me.

Shalele nagetif ce. Uwarta ta san haka tun tana cikin zanin goyo.

Ta auri wani malamin lissafi, mutum mai sanyi, wanda in ya gaishe ka sai ka matso kafin ka ji. Da ta samu cikin fari ni nake raka ta awo. Amma fa ba mu taɓa zama a bencin nan na mata ba. Da mun sauka daga mota wani zai hango mu, a ce ga 'yar Farfesa, a bi da mu ta ƙofar baya, a haye sama zuwa ofishin Yaya. A can ake duba ta, ana shan shayi ana raha. Matan da muke wucewa suna fifita da katinsu suna bin mu da ido, ni kuwa har wani ɗaga kai nake yi, in riƙe jakata da kyau.

Naƙuda ta zo kafin lokacin da aka sa rai. Yaya tana wata ƙasa, an gayyace ta ta yi jawabi a kan dokar nan tata. Ta bugo waya ta damƙa 'yarta a hannun babban ɗalibinta, wani likita da kowa ke kira Dogo. Ta ce masa ga amana nan. Dogo kuwa ya riƙe amana iya ƙarfinsa. Ba a kai Shalele babban ɗaki ba, haba, 'yar Farfesa? Wani ɗaki aka buɗe mata a sama, mai labule da firiji. Ta haifi mace, ƙatuwa, mai baki kamar nawa. Washegari aka ce ai gidan likita za ta, me za ta zauna yi, aka sauko da mu ta lif har wajen da ma'aikata ke ajiye motocinsu. Har metiron, shugabar nas-nas, ta riƙo mana kwando. Yaya ta dawo bayan an kwana biyu, da 'yar tsana da ta fi jaririyar girma, ta rungume jikarta tana kuka tana dariya.

Jikar nan da muke kira Bebi ta yi wayo, ta shiga makaranta, sannan Shalele ta sake samun ciki. Aka koma gidan jiya: ƙofar baya, ofis, shayi.

Wata safiya ta zo in buɗa mata riguna. Ban daɗe da buɗa su ba, ga shi har sun sake matse ta. Cikin ya yi wani irin girma, fatar har sheƙi take yi. Na ce mata anya ba biyu kika kwaso mana ba, ke da ko ɗayar ni kike jibgo wa? Ta yi dariya, ta ce wannan dai ubansa ya biyo, ba ruwansa da hayaniya, sai ya wuni bai motsa ba.

Yaya tana kan teburin cin abinci tana gyara rubutun wani ɗalibi da jan biro. Na ga ta ajiye biron. Ta taso ta ɗora hannu a kan cikin, ta daɗe, sannan ta tambaye ta yaushe rabon da ta ji motsi sosai. Shalele ta ce ta manta, ko shekaranjiya ne. Fuskar Yaya ban taɓa ganin ta haka ba, ko ranar da aka gaya mata rasuwar mijinta. Ta ɗauki mukullin mota. Ni da silifas na bi su, duk jikina zare.

A ɗakin hoto ni ban gane komai a jikin allon ba, baƙi da fari ne kawai suna motsi. Fuskar Dogo nake karantawa. Ya yi ta zagaya abin hoton a kan cikin, sannan ya faɗi abin da ya gani. Namiji ne, jininsa ya kusa ƙarewa, jikinsa ya kumbura da ruwa, zuciyarsa tana ta fama. Aka ɗebi jinin Shalele aka ruga da shi. Kafin azahar sakamako ya dawo, ya nuna abin da Yaya ta riga ta sani tun a gida.

A baranda ta tsayar da Dogo. Muryarta a ƙasa, ta ce:

"Wa ya yi mata allurar bayan haihuwar Bebi?"

Ya ce shi ya ɗauka ta shirya komai kafin ta tafi, don wa zai koya wa Farfesa wannan? Aka kira metiron, ta ce ita ta ɗauka Dogo ya yi da hannunsa, tun da shi aka ba amana. Nas ɗin bakin ƙofa kuwa ko ganin Shalele ba ta yi ba, don ba ta ƙofarta muka fita ba. Gwajin da zai tona abin tun farkon wannan cikin, shi ma a kan layi ake yin sa. Kowa yana jin nauyin ya tambaya, kada a ce ya raina wani. Yaya ma da ta dawo ba ta tambaya ba. A wajenta kamar ka tambayi likita ne ko ya wanke hannu.

Ni kuwa bakina ba ya jin nauyin kowa. Na wanke Dogo tas a gaban nas-nas da masu jinya. Na ce masa tsawon banza, firiji da labule ka iya bayarwa, su za ta ci? Na faɗi abin da ya fi haka, wanda ba zan maimaita ba. Yana tsaye kansa a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan farar rigarsa. Yaya ta riƙe mini wuyan hannu da ƙarfi.

"Ya isa. Ni ma ban tambaya ba."

Hanya ɗaya ta rage, a ƙara wa yaron jini tun yana ciki. Ana soka doguwar allura ta cikin uwar, ana kallon allo, har a sami jijiyar cibiya wadda ba ta fi zaren ɗinki kauri da yawa ba, a tura jinin a hankali. A duk faɗin wurin ba wanda ya kai Yaya iya wannan aiki, ita ta kawo shi asibitin, ita ta koya wa Dogo. Shalele ta kama rigar uwarta ta ce ita dai Mami za ta yi mata, ba ta yarda wancan ya sake taɓa ta ba. Ni ma na goyi bayanta, na ce in ba yanzu ba yaushe duk karatun nan zai yi mana rana?

Yaya ba ta yi gardama ba. Ta miƙa hannunta na dama a gabanmu, ta buɗe yatsu. Rawa yake yi kamar na mai zazzaɓi. Ta ce tun safe take roƙon sa ya tsaya ya ƙi. Ta ce in ta kuskure da faɗin gashi ɗaya, ita za ta kashe shi.

Dogo ya yi. An bar ni na zauna a wajen kan Shalele ina riƙe da hannunta, don ta ce in ba haka ba ba za ta kwanta ba. Yaya ta tsaya a bayansa, hannuwanta a harɗe a baya, tana magana a hankali: hagu kaɗan, tsaya, kada ka yi sauri, yanzu. Ɗakin tsit, sai ƙarar na'ura. Gumi yana bin wuyan Dogo, wata nas tana goge masa. Na tsane shi a ranar, amma gaskiya hannunsa bai yi ko gezau ba. Da ya zare allurar Yaya ta dafa kafaɗarsa, ta fita. Na same ta a banɗaki tana amai.

Washegari yaro ya yi harbi. Shalele ta ƙwala mini kira, na sa hannu na ji shi da kaina, dum, dum. Malamin lissafi, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya fita baranda yana gaya wa duk wanda ya gani, har da mai tura keken abinci. Na koma gida na buɗe kekena na ɗinka 'yan riguna masu taushi. Na sa rai, wallahi na sa rai.

An riƙe ta a asibiti, don an ce sai an sake ƙarin jinin bayan ɗan lokaci. Zaman gado ya ishe ta, sai ta shiga neman rubuce-rubucen uwarta a waya tana karantawa ɗaya bayan ɗaya. In ta ci karo da kalmar da ba ta sani ba ta tambayi nas. Na ce ta ajiye wayar nan ta huta, ta ƙi. Wata rana da la'asar ina ɓare mata lemo ta ce mini:

"Inna, Mami ba ta ɓoye komai in tana rubutu. Ta ce waɗanda suka riga suka kumbura kafin a gano, da yawansu ba sa kaiwa."

Na ce mata rubutu daban, ikon Allah daban, kuma naki ai ga shi yana harbi. Ta ce haka ne. Ta karɓi lemon ta riƙe, ba ta sha ba.

Ranar ƙari na biyu komai ya fara daidai kamar na farko. Ana cikin tura jinin sai na ji ƙarar na'urar ta canza, bugun zuciyar yaron ya riƙa ja da baya. Yaya ta ce a zare. Aka juya Shalele, aka yi 'yan dabaru, bugun bai dawo ba. Kafin in gane me ake ciki an tura gadon da gudu zuwa tiyata, an bar ni tsaye da silifas ɗinta a hannu.

An ciro shi da rai. Ɗan mitsitsi, amma a kumbure, fatarsa fari fat, daga baya ta koma ruwan ɗorawa. Aka sa shi a kwalba, ƙarƙashin shuɗiyar fitila, an rufe masa ido, ga robobi ta hanci ta cibiya. Aka canza masa jini, aka sake canzawa. Yaya ta jawo kujera ta zauna a gefen kwalbar, ba ta zuwa gida, ba ta zuwa ofis. In na kawo mata shayi sai in dawo in same shi ya huce. Ɗalibanta suna zuwa suna yi mata bayanin abin da ita ta koya musu, tana gyaɗa kai kamar yau ta fara ji. Wani lokaci ta zura yatsa ta ramin kwalbar, ya riƙe. An turo Shalele a keke ta gan shi, ta yi masa magana ta jikin gilashi, ta ce masa yayarsa tana jiran sa a gida.

Ya yi 'yan kwanaki yana kokawa. Wata safiya, masu goge ƙasa suna aikinsu a baranda, ya daina. Yaya da kanta ta cire masa robobin ɗaya bayan ɗaya, ta goge masa jiki, ta sa masa ɗaya daga rigunan da na ɗinka. Rigar ta yi masa yawa, sai da ta naɗe hannun. Ta ɗauke shi ta kai wa uwarsa, wannan ne karo na farko da Shalele ta riƙe ɗanta a hannu. Ni ban iya tsayawa ba. Na fita bayan ginin, wajen da ake shanya zannuwan gado, na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar mijina.

Da aka sallame ta gidanmu muka kawo ta, ɗakinta na da. Dogo ya zo sau ɗaya, ya rame kamar shi ya yi jinyar. Ban ba shi wurin zama ba. Ya ce wa Yaya zai ajiye aiki. Ta ce masa ya koma, akwai mata uku da ke jiran hannunsa, kuma ita nata ya gama. Ya tafi yana share ido da bayan hannu.

Ba a yi sati ba na fito da safe na same ta a teburin cin abinci da kwamfuta, tana bugawa. Na leƙa. Ban iya Turancin likitoci ba, amma na ga shekarun Shalele, na ga hoton allon nan baƙi da fari. Raina ya yi mummunan ɓaci. Na ce Yaya, jikanki ne fa, ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba za ki mai da shi takarda? Na ce ashe ke komai abin rubutawa ne, har mu? Ba ta ɗago ba. Ta ce a kowane asibiti akwai ƙofar baya, kuma akwai 'yar wani da ake bi da ita ta can. Ta ce duk abin da ta rubuta a rayuwarta ba inda ta faɗi wannan, don ba ta gan shi ba. Ba za ta aika ba sai Shalele ta yarda, in ta ƙi ta goge. Na ja tsaki na shige kicin ina buga tukwane. Har yau ban san ko ni ke da gaskiya ko ita ba.

Masu zuwa gaisuwa ba su yanke ba. Kowa ya shigo sai ya ce a yi haƙuri, ai yarinya ce, Allah zai kawo wani. Shalele tana amsawa da amin, idonta a kan bango. Tun da muka dawo ba ta yi wa uwarta magana ba in ban da gaisuwa. Yaya kan zo bakin ƙofa ta tsaya da magani a hannu, sai ta miƙo mini ta juya.

Ran nan da yamma, bayan wasu mata sun fita, Shalele ta ce in kira mata Mami. Yaya ta shigo ta tsaya a gefen gado kamar ɗalibar da aka kira ofis. Na tashi zan ba su wuri, Shalele ta ce in zauna.

"Mami, kowa yana cewa za a samu wani. Ke ki gaya mini. In na sake ɗauka, me zai faru?"

Na yi wa Yaya ido, ina roƙon ta a zuciyata ta yi ƙarya sau ɗaya a rayuwarta. Ba ta kalle ni ba.

"In ya ɗauko jinin babansa, zai fara da wuri fiye da wannan. Kuma zai fi tsanani."

Shalele ta gyaɗa kai. Da ma ta karanta, so take ta ji daga bakinta. A tsakar gida Bebi tana ta rigima da ubanta a kan takalmi.

"Da ni ba 'yarki ba ce, da an yi mini allurar?"

Yaya ta dafa ƙarfen gadon.

"Da an yi miki."

"To," in ji Shalele.

Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta dubi ƙirjinta, nono ya zubo ya jiƙa gaban rigar har ƙasa, don jikinta bai san yaron ya tafi ba. Yaya ta yi sauri ta ɗauko wata riga a kan kujera, ta matso da ita a hannu. Shalele ba ta dube ta ba, ta juyo wajena.

"Inna, zo ki taimaka mini in canza."

Na tashi na karɓi rigar daga hannun Yaya. Sai da na ɗan ja kafin ta saki.